Gwangwani Ba Rumbun Talaka Ba Ne

Tun da rayuwa ta yi tsada, shawarwarin yadda za a ci da kyau da kuɗi kaɗan suka cika wayoyin mutane. Akasarinsu daga Ingila da Amurka aka kwaso su, shi ya sa maganarsu ba ta wuce gwangwani: ka tara waken gwangwani da kifin gwangwani da tumatirin gwangwani, ka jera a kanta, ka huta da zuwa kasuwa. A can ƙasashen gaskiya suka faɗa. Amma magidancin Tambuwal ko Kebbe da ya ɗauki wannan shawara ya ɗora wa albashinsa, kafin goma ga wata sunansa ya shiga littafin bashin mai kanti.

Gwangwani yana da dalilin zama abincin talaka a Turai. A 1810 gwamnatin Faransa ta ba wani mai sana'ar kayan zaƙi, Nicolas Appert, kyautar faran 12,000, saboda ya gano cewa in aka toshe abinci a kwalba aka dafa ta cikin tafasasshen ruwa, zai yi watanni bai lalace ba. A shekarar ne kuma wani Peter Durand ya yi rajistar yin hakan da gwangwanin ƙarfe a Ingila. Sojoji da matuƙan jiragen ruwa ne suka fara cin moriyar abin, daga baya masana'antu suka yawaita, farashi ya faɗo, har ya zama cimar leburori. Mutanen da sanyi ke rufe wa gona wata da watanni, ga rana ba ta da ƙarfin da za ta busar da yankakken tumatir, dole su nemi dabara a wurin ƙarfe da wuta. Ƙarfen nasu ne, masana'antar tasu ce, kuɗin da ake ciniki da shi ma nasu ne.

Mu namu ya sha bamban. Kifin Titus da ke jere a kantunan bakin titin Tambuwal daga Maroko yake zuwa. Jirgin ruwa ya kawo shi Legas, mota ta ɗauko shi ta biyo ta Kontagora da Yawuri da Jega, kowane zango kuma da ladan da yake ɗorawa. Da dala aka saye shi, da man dizal aka kawo shi. Don haka ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, gwangwani na cikin abubuwan da suka fara guje wa talaka. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari. A watan dai hukumar ta lissafa cewa baligi guda na buƙatar naira 1,241 kullum kafin ya ci abinci mai gina jiki mafi arha. A wata guda naira 37,230 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi wata ɗaya bayan haka, naira 70,000, bai isa miji da mata su biyu ba, balle a zo maganar yara da kuɗin makaranta da na magani. Wannan kuwa a jihar Sakkwato, wadda rahoton talauci na 2022 ya sa a sahun farko a duk ƙasar, da kusan kashi 91 cikin ɗari na jama'arta.

Abin da ya kamata a lura da shi a wancan lissafi shi ne, yankin Arewa maso Yamma ne ya fi kowane yanki sauƙin farashi. Ba don kantunanmu sun fi na Legas cika ba. Don gero da dawa da wake da gyaɗa da ganye a nan ake noma su.

Mu ɗauki kifin nan mu auna. Gwangwanin sadin giram 125 ne, in ka tsiyaye man abin da ya rage bai kai giram 100 ba, sinadarin gina jikin da ke ciki kuma bai wuce giram 20 zuwa 25 ba. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa wannan sinadari ne. Kuɗin gwangwani guda, a shekarar da damina ta yi kyau, ba zai kasa saya maka rabin kilo na wake a kasuwar Dogon Daji ko Kuchi ba, wato abin gina jiki ninki biyar ko shida. Kifin yaro ɗaya zai lashe shi da burodi ya miƙo hannu. Waken kuwa, in aka haɗa shi da shinkafa ko aka yi ɗanwake, gida ne zai ci. Waken suya ya fi haka ma, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa abin gina jiki ne, shi ya sa awarar da 'yan mata ke soyawa da yamma a bakin layi ta fi ƙarfin rainin da ake yi mata. Haka ƙuliƙuli. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta taɓa kallon gwangwanin da ke hannun wani matashi ta ce, “Ɗana, wanga ba abinci na ba, ƙamshi na.” Ta ɗan yi tsauri, amma a ma'aunin aljihu ba ta yi ƙarya ba.

Inda maganar ta fi zafi shi ne tumatir, domin shi ne gwangwanin da ya shiga kowane gida, har gidan da bai taɓa ganin sadin ba. Yau da wuya a ɗora tukunyar miyar dage-dage ko dafa-duka a Sanyinna ba a aiki yaro ya sayo na leda ko ƙaramin gwangwani ba. Abin takaici, wannan yanki ne da daga Janairu zuwa Maris fadamu ke amayar da tumatir har a rasa mai saye. Manomi ya cika kwanduna ya kai bakin hanya, dillali ya taya masa abin da bai biya kuɗin fetur ɗin injin ban-ruwa ba, in ya ƙi sallamawa zuwa jibi rabin kwandon ya zama ruwa. Ƙiyasin da aka saba ambata shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari ko fiye na tumatirin da Najeriya ke nomawa yana lalacewa kafin ya isa tukunya. Sai damina ta sauka, ɗanye ya ɓace, farashi ya yi tashin gwauron zabi, manomin da ya zubar da nasa a watan Fabrairu ya koma yana sayen na gwangwani a watan Yuli. Motocin da ke ɗaukar albasar Aliero zuwa kudu su ne ke dawo mana da katan-katan ɗin.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin gyara wannan daga sama. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa markaɗaɗɗen tumatir cikin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'anta a Kadawa ta jihar Kano, mai iya cinye tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana, sai ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a shekarar, masana'antar ta tsaya, tun daga nan kuma ana buɗe ta ana rufewa. A 2017 aka ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen zuwa kashi 50 cikin ɗari, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. Kamfanin GBfoods mai tumatirin Gino ya kafa tasa masana'antar a Ngaski ta jihar Kebbi, maƙwabciyarmu. A watan Oktoba na 2023 Babban Bankin ya janye wancan hani. Duk wannan kai-komo na shekara takwas, matar da ke girki a Kebbe ba ta ga ranar da ledar tumatir ta sauko ba.

Sannan ba kowane jan abu ne tumatir zalla ba. Wani ɗan jaridar Faransa, Jean-Baptiste Malet, ya bi sawun wannan haja daga gonakin Shinjiyan na ƙasar Sin har kasuwannin Afirka ta Yamma, ya fitar da bincikensa a 2017. Ya nuna cewa wasu gwangwanayen da ake yi don Afirka ana cakuɗa su da sitaci da dusar waken suya da launi, don a rage tumatirin a ƙara riba. Ba duka ne haka ba. Amma wanda ya iya karatu ya juya bayan gwangwanin ya duba abin da aka lissafa. In ya ga sitaci da sukari da launi a jere, ya san cewa wani ɓangare na kuɗinsa kunu ya saya.

Iyayenmu sun riga sun warware wannan matsala da kauɗa. A yanka tumatir biyu ko huɗu lokacin arha, a shanya, iskar hunturu da ranar Tambuwal su yi aikin da masana'antar Kadawa ke nema da injuna. Babu kuɗin wuta, babu haraji, babu dala. Buhu ɗaya na iya kai ƙaramin gida har ƙarshen damina.

To me ya sa matan yanzu ke gudunta? Ya kamata a saurare su, don suna da hujja. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani ya ga yadda ake shanyar: a zube a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, tirela ta wuce ta bule ta da ƙura da hayaƙi, akuya ta taka, kaza ta tona, da yamma a share da tsintsiya a haɗa da yashi a ɗura a buhu. Miyar da za ta fito daga wannan baƙa ce, ga tsami, ga ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Amaryar da dangin miji za su zo ganin girkinta ba za ta yi kasada da ita ba, kuma ban ga laifinta ba. Laifin na shanyar ne. In aka zaɓi nunannen tumatir mai tauri wanda bai fara ruɓa ba, aka wanke kafin a yanka, aka ɗan barbaɗa gishiri, aka baza a kan tabarma ko asabari bisa gadon kara da ya ɗaga daga ƙasa, aka lulluɓa da tsohon gidan sauro, aka kwashe kafin raɓar dare, kauɗar za ta fito da jan duhu mai kyau, tana lanƙwasuwa ba tare da danshi ba. Ranar girki a jiƙa ta da ruwan ɗumi, a zubar da ruwan farko, a markaɗa da tattasai da albasa. Mata da yawa sun gano dabarar da ta fi dacewa: kauɗa ta ba miya jiki, cokali ɗaya na gwangwani ya ba ta launi. Ledar da a da ake juyewa duka a tukunya guda sai ta kai kwana biyu ko uku. A ganina iyakar matsayin gwangwani ke nan a girkinmu, ɗan rakiya.

Kuma wa ya ce dole kullum sai jar miya? Wannan sabon yayi ne. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kalkashi, sure, rama, zogale, gabu da ake yi da ganyen albasa, daddawar kalwa da ta batso, bandar kifi daga Yawuri, duk ajiyayyun abinci ne da ke wata da watanni ba firji. Tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa da ɗan busasshen kifi da garin wake ya fi taliya da jar miyar leda gina jiki nesa ba kusa ba, amma yaro ya tashi yana jin kunyar na farko yana alfahari da na biyu. Mu manya ne muka koya masa, domin mu ne ke ajiye gwangwani sai baƙo ya zo.

Madara ma haka. Tun 1954 Peak ke ƙasar nan, har gwangwaninta ya zama ma'aunin sukari da shinkafa a kasuwa, ya zama fitilar aci-balbal, ya zama motar wasan yara. Mai shayi a tasha yana huda shi wuri biyu da bakin wuƙa, ya raba shi ga kofuna da yawa, kowa ya samu ɗan fari-fari ya tafi yana ganin ya sha madara. Wannan nishaɗi ne, ba mai hana shi. Damuwata ita ce uwar da ke hana kanta cefane don ta saya wa yaron da aka yaye ƙaramar ledar madarar gari. Da yawa daga cikin masu arhar an cire musu man nono an maye shi da man itatuwa, akwai kuma mai kaurin nan da kusan rabinta sukari ne, wadda ba abincin jariri ba ce ko kaɗan. Alhali ga Bafulatana na ratsa unguwa da ƙwaryar nono da kindirmo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, ba su kai tsawon shekarunsu ba. Abin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata don kare yara daga tamowa ba a kanti yake ba: gero ko dawa awo 6, waken suya awo 3, gyaɗa awo 1, a soya sama-sama, a niƙa tare, a riƙa dama kunu. Duk ukun ana noma su a ƙasar Kebbe.

Kada a ɗauka ina neman a kori gwangwani daga gari. Kifin sadin abinci ne na ƙwarai, ƙashinsa mai laushi da ake taunawa yana ƙarfafa ƙashin mai ciki da tsoho, mansa kuma yana da amfani ga jiki. Markaɗaɗɗen tumatir na gaskiya bai rasa amfaninsa don an dafa shi ba. Akwai kuma lokutan da babu abin da ya kai gwangwani. Ɗalibar makarantar kwana ba ta da murhu. Mai jinya a asibiti ba shi da turmi. Iyalan da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan da ke iyaka da Zamfara, suka bar rumbunansu suka kwana a makarantar firamare ko gidan dangi, ba za a ce musu su jiƙa wake su jira ba. Wake ma yana cin itace, itace kuwa yanzu kuɗi ne, shiga daji neman sa kuma ya zama sayar da rai a wasu wuraren. Duk mai lissafin gaskiya sai ya sa wannan a ciki, ko da yake jiƙa waken tun dare da ɗan jefa kanwa na rage wutar sosai. Gidan da ya samu hali ya ajiye gwangwanin kifin Geisha biyu ko uku don ranar da ba a shirya mata ba ya yi dabara. In za a ci, a farfasa ɗaya cikin tukunyar faten wake ko dambu, kowa ya samu rabonsa.

Wanda zai saya kuma ya buɗe ido. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin murfi, ko ya fesa iska da wari da aka huda shi, a jefar. Gubar da ke iya taruwa a irinsa tana shanye jiki, tana kisa, kuma ɗanɗanawa ba ta nuna ta. A duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, musamman a kayan da ake zubawa a faranti a rana ana karyar da farashinsu ranar kasuwa. Wanda aka buɗe kada ya kwana a cikin ƙarfensa. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, kifin da aka buɗe da rana a cinye shi a ranar. Tumatir kuma a juye a kwalba mai tsabta a rufe samansa da man gyaɗa. Sannan a tuna akwai gishiri a ciki tun daga masana'anta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali guda. Mai hawan jini da ya haɗa gwangwani da dunƙule uku da gishiri a tukunya ɗaya ya wuce nan tun a abincin rana.

Na san amsar da za a ba ni, kuma mai nauyi ce. Za a ce: malam, wanda ke samun na yau ya ci yau, da me zai sayi kwando uku na tumatir a watan Fabrairu? Gaskiya ne. Talaka ya fi kowa sayen abu da tsada, domin ƙulli-ƙulli yake saye. Ledar tumatir ta giram 70 da ake saye kullum, in aka tara kuɗinta na wata huɗun damina, ta ninka kuɗin kauɗar da za ta yi wannan aiki, amma kuɗin ledar a warwatse yake fita, na kauɗar kuwa a dunƙule ake neman sa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan unguwa da ke zubin adashi don kayan ɗaki da ankon biki za su iya tsara kwasa ɗaya ta faɗo daidai kakar tumatir, wata daidai kakar wake a watan Nuwamba, gida biyar su haɗu a buhu guda. Ajiyar waken ma ta samu sauƙi. Buhun PICS da jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma tun 2007, mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, yana kashe ƙwari ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Jarkar da aka wanke ta bushe, aka cika ta maƙil aka toshe, ita ma tana yi. Wannan ya fi zuba fiya-fiya a abin da yara za su ci, ɗabi'ar da ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Sauran aikin na masu riƙe da madafun iko ne, kuma bai kai girman masana'anta ba. Duk azumi ana rabon shinkafa da taliya da katan ɗin tumatirin leda, a ɗauki hoto, kafin Sallah an cinye. Kuɗin rabon shekara ɗaya zai gina dandamalin shanya na siminti mai shinge a bakin fadamu, da rumfunan busarwa masu rufin leda da raga waɗanda kafintan gari zai iya haɗawa. Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar a Abuja, ku fara da gari biyu ko uku, ku damƙa wa ƙungiyoyin mata su kula da su, kuma a gama kafin tumatirin Janairu ya nuna.